A Bar 'Yan Matanmu Su Karɓi Rigakafin Sankarar Bakin Mahaifa

Kano na cikin jihohin da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa a watan Oktoban 2023. Uban da ya ja baya a ƙauyukan Bichi ko Ɗambatta yana da hujjarsa, domin ba a manta da gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996 ba. Sai dai maganin wannan fargaba yana cikin ƙirar ƙwayar cutar kanta.

Ƙwayar HPV, wadda ke haddasa wannan sankara, tana ɓarna ne da furotin guda biyu, E6 da E7. A jikin ɗan Adam akwai wani furotin mai suna p53, aikinsa tsayar da ƙwayar halittar da ta lalace kafin ta hayayyafa. A 2016 masana a Faransa suka fitar da siffar yadda E6 ke maƙale wa wani furotin na jikinmu, su haɗu su kama p53 a rushe shi. Shi kuwa E7 yana kwance takunkumin da ke hana rarrabuwa barkatai, daga nan ƙari ya samu hanya. Allurar ba ta ɗauke da E6 ko E7. Abin da ke ciki furotin ɗin rigar ƙwayar ne, L1, wanda ke harhaɗa kansa kamar ɓawon gyaɗa babu ƙwaya. Jiki ya gan shi, ya haddace kamanninsa, ya yi tanadi. Abin da ba shi da ƙwayar gado ba ya hayayyafa, kuma shekarun da aka kwashe ana allurar tun 2006 ba su nuna tana hana haihuwa ba. Cutar ce ke sa a cire mahaifa.

Wani zai ce 'yarsa kamila ce, me ya haɗa ta da wannan? Ai matar da ba ta san kowa ba sai mijinta tana iya ɗauka daga gare shi, shi ma bai sani ba. Allurar kuma ba ta korar ƙwayar da ta riga ta shiga, shi ya sa ake yin ta tun kafin aure. A 2020 cutar ta kashe mata kusan 8,000 a Najeriya. Matar Kunchi da aka sayar da awaki da damman gero kafin a kai ta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano sau da yawa takan isa a makare. Dagatai da limamai su nemi ma'aikatan lafiya su yi wannan bayani a bainar jama'a, a kuma bi Islamiyyu da gidaje, don yarinyar da ba ta zuwa boko kada a tsallake ta.