Zallijin Fas ba zai rayu da yabo kaɗai ba

'Yan'uwanmu Tijjanawa masu zuwa ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas ta ƙasar Maroko sun san adon nan mai launuka da ya lulluɓe bangayen zawiyoyi da masallatan birnin. Wasu kan ɗauka tayil ne irin na kanti. Zallij ke nan, kuma kowane ɗan guntu da ke cikinsa hannun mutum ne ya sassaƙa shi.

Yumɓun Fas ake jiƙawa, a kwaɓa, a zuba a ma'auni mai kusurwa huɗu, a shanya, a gasa. Sai a shafa masa launi a sake mayar da shi wuta, wadda a al'ada da ƙwallon zaitun ake hura ta. Daga nan aikin ya koma hannun mai sara. Yana zaune a ƙasa da guduma mai kaifi, yana fitar da taurari da 'yan siffofi, wasu ba su kai farcen yatsa ba. Abin da ya fi burge ni shi ne jerawa: a kife ake jera guntayen, launi na kallon ƙasa, gwanin yana riƙe da zanen duka a kansa. Sai an zuba siminti a bayansu ya bushe an ɗaga, sannan ido zai ga ko an dace.

Sana'ar ta kai ƙololuwa a zamanin sarakunan Banu Marin. Madarasar Attarin, wadda aka gama a 1325, da ta Bu Inaniyya da Sarki Abu Inan ya gina bayan 1350, suna nan tsaye da adonsu. A 1981 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin Fas cikin wuraren tarihi na duniya.

To amma ni a ganina, lissafa gini a takarda ba ya raya sana'a. Bango idan ya zube, wa zai gyara shi in babu wanda ya iya riƙe gudumar? Ana shekaru kafin yaro ya ƙware a sara, yana durƙushe cikin ƙura, ga kuma tayil na inji mai kwaikwayon zanen ana sayar da shi da araha. Saurayin da ya ga ba riba, tafiyarsa zai yi, kuma ban ga laifinsa ba.

Abin da ya farfaɗo da zallij a ƙarnin da ya wuce aiki ne. Sarki Hassan na Biyu na Maroko ya tara dubban masu sana'ar hannu a ginin babban masallacin Kasabalanka da aka buɗe a 1993. Gwanaye suka samu abin yi, yara suka samu wurin koyo. A 2022 kuwa Maroko ta yi ƙorafi kan rigar 'yan ƙwallon Aljeriya da Adidas ya ɗinka da zanen zallij, kamfanin ya ce daga fadar Mashwar ta Tilimsan a Aljeriya ya ɗauko. An yi ta cacar baki kan wa ke da gadon. Ina girmama kishin, sai dai gardamar ba ta biya kuɗin koyon yaro ko ɗaya.

Saboda haka, mai ziyara, idan Allah ya kai ka Fas, bayan ka gama da zawiya ka nemi unguwar Ain Nukbi inda masu yumɓu suke aiki. Ka zauna ka kalli mai sara, ka sayi na hannu ko da ƙarami ne, kuma kada ka matse shi a ciniki.