Ambaliya a kwarin Haɗeja: abin da gidanka zai tanada kafin ruwa ya iso

Idan kana zaune a ƙaramar hukumar Auyo, Miga, Ringim, Kafin Hausa, Kirikasamma ko Guri a Jihar Jigawa, ba sai an faɗa maka lokacin da ruwa ke zuwa ba. Daga Agusta zuwa ƙarshen Satumba kogin Haɗeja kan tumbatsa, ya shanye gonakin shinkafa, wata shekarar ya shigo har cikin gari. A 2022, ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan 1.3 da muhallansu, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi shan wahala. Bayan nan an ga yadda madatsar Alau ta ɓalle kan Maiduguri a Satumban 2024, sannan ruwa ya afka wa Mokwa a Jihar Neja da asubahin 29 ga Mayun 2025, ya kashe fiye da mutum 150.

A kwarin Haɗeja, ambaliya bala'i ne mai wata da rana. An san lokacinta, an san garuruwan da take bi, an san cututtukan da ke biyo bayanta. Hukumar NiMet kan fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar NIHSA kuma ta biyo da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Sai dai gargaɗi ba ya ɗauke maka mara lafiya. Da zarar ruwa ya yanke hanya, motar agaji ta SEMA ko NEMA na iya yin kwanaki ba ta iso ƙauyenku ba. Waɗannan kwanakin farko, abin da ka tanada a gida shi ne asibitinka.

Me ya sa ruwan ke ƙara ɓarna?

Kogin Haɗeja na samun ruwansa ne daga kogin Kano da na Challawa, kuma an tare su duka biyu: madatsar Tiga da aka kammala a 1974, da ta Challawa a 1992. Idan damina ta yi ƙarfi madatsun suka cika, rarar ruwan dole ta gangaro. A ƙasa kuma yashi da laka sun cike hanyar kogin, ciyawar kachala ta toshe rassansa. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, saboda haka ruwan da ya rasa hanya sai ya bazu, ya kwanta makonni. Wannan kwanciyar ita ce ke cin gindin ginin ƙasa, ta cika shadda da rijiya a lokaci guda, ta zama gidan sauro.

Daren da ruwa ya zo

Abu biyu suka fi kisa a wannan lokaci: ruftawar gini da ƙetare ruwa. Bangon laka da ya sha ruwa kwana biyu ko uku na iya faɗuwa cikin dare kan masu barci. Idan ka ga gindin bango ya jiƙe ya yi laushi, ko tsaga ta buɗe, ko azara ta fara ƙara, ka fitar da iyalinka a daren nan, kada ka ce sai gari ya waye.

Ruwa mai gudu kuwa, wanda ya kai idon sawu kaɗai yana iya kayar da babba, balle yaro. Ba ka ganin ramin da ya haƙa a ƙarƙashinsa. Kwale-kwalen da aka cika wa mutane da buhuna da babura, musamman da dare, ya sha cinye rayuka a Jigawa. Wanda ya tashi da wuri da ƙafarsa yake tafiya a busasshiyar hanya.

Macizai ma gudun ruwa suke yi, kuma tudun da ka nufa su ma nan suka nufa. Idan maciji ya sari wani, kada a ɗaure wurin da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe ko awarwaro, a ɗora ƙafar ko hannun a kan sanda a hana shi motsi, a ɗauki mutumin zuwa babban asibiti. Saran kububuwa na hana jini daskarewa, kuma allurar kashe dafi ce kaɗai maganinsa.

Makonnin farko: ruwan sha

Bayan ruwa ya lafa ne aikin likita ke farawa. Ambaliya na kwaso ƙazantar shadda da ta dabbobi ta zuba a rijiya, har da burtsatsen da ruwa ya rufe bakinsa. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Jigawa na cikin jihohin da cutar ta fi kamawa. Kwalara na iya kashe ƙaƙƙarfan mutum cikin sa'o'i kaɗan saboda ƙarewar ruwan jiki.

Uwargida, duk ruwan da za a sha bayan ambaliya ki ɗauka gurɓatacce ne, komai haskensa. Ki tace da tsaftataccen ƙyalle, ki tafasa har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya. Idan babu itace, ki sa maganin kulorin kamar Aquatabs ko WaterGuard gwargwadon yadda aka rubuta a jikinsa, ki jira minti 30. Alif da ake jefawa don laka ta kwanta ba ya kashe ƙwayar cuta. Ki rufe randa, ki ware mata moɗa guda.

Da gudawa ta fara, a fara ba da ruwan gishiri da sukari nan take. Fakiti ɗaya na ORS ana narkar da shi a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa. Idan babu fakitin, a sa ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokalin gishiri, a lita ɗaya. Yaro a haɗa masa da ƙwayar zink kullum har kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi nono da abinci. Amma idan kashin ya koma kamar ruwan wankin shinkafa, ko idanu suka faɗa, ko maɗigar jariri ta lotsa, ko fitsari ya ɗauke, ko mutum ya kasa sha, a kama hanyar asibiti, ana tafe ana ɗura masa da cokali.

Bayan wata guda: zazzaɓi

Sauro na buƙatar kimanin mako ɗaya zuwa biyu ya ƙyanƙyashe a kwantaccen ruwa, shi ya sa zazzaɓin cizon sauro ke yin yawa bayan mutane sun ɗauka an gama. Gidan sauro na cikin kayan da ba a bari a baya, ko da a ajin makaranta za a kwana. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 kowane wata na damina, idan ƙaura ta sa zagaye ya wuce ɗanka, ka nemi ma'aikatan lafiya na mazaɓarku. Yaron da jikinsa ya yi zafi a gwada jininsa a ranar. A kuma hana yara wanka a kududdufi, don nan ake ɗaukar tsargiya.

Masu ciwon da ba a yanke wa magani

Waɗannan su ake mantawa idan ana rabon shinkafa da tabarma. Mai hawan jini da ya yi mako ba magani yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Mai farfaɗiya da maganinsa ya yanke na iya faɗuwa cikin ruwan da bai kai gwiwa ba ya nutse. Mai sikila, sanyi da jiƙewa da ƙarancin ruwan sha na tayar masa da ciwo. Mai tarin fuka ko cuta mai karya garkuwar jiki, tsallake magani na sa ƙwayar cutar ta daina jin maganin.

Tun a watan Yuli ka gaya wa likitanka cewa garinku na yankewa, ka nemi maganin da zai kai ka aƙalla wata ɗaya. Mai allurar insulin ya sa kwalbar a leda ya ɗaure, ya ajiye ta a tukunyar ƙasa mai danshi cikin inuwa, kada rana ta taɓa ta. Mai cikin da ya shiga wata tara, ko wadda aka taɓa yi wa aiki, ko mai kumburin ƙafa da hawan jini, ta koma gidan 'yan'uwa kusa da asibiti kafin hanya ta yanke. Zubar jini bayan haihuwa ba ya jiran kwale-kwale.

Abin da za ka haɗa yanzu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka samu bokiti mai murfi ko jaka mai leda biyu, ka rataye a inda kowa ya sani, ka zuba:

Magungunan kowa da katin asibiti, katin awon ciki da na rigakafin yara.
Fakitin ORS, zink, maganin kulorin, farasitamol da sabulu.
Gidan sauro, tocila, ashana, da busasshen abinci na kwana uku kamar garin kwaki da ƙuli-ƙuli.
Takardun gona da na gida, katin shaida, da ɗan kuɗi a hannu.

Sannan ku zauna da iyali ku yanke abu uku: tudun da za ku nufa da hanyar da ba ta ƙetare ruwa, wanda zai ɗauki tsoho ko naƙasasshe ko jariri, da alamar da idan ruwa ya kai ta za ku tashi ba gardama. Iri da hatsi a ɗaga su sama ko a kai ajiya gari mai tudu, dabbobi a riga kai su. Da yawa daga masu ƙin tashi dukiyarsu suke tsaro, kuma wanda ya riga ya fitar da ita ba abin da zai riƙe shi.

Akwai abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya: yashe kogi, cire kachala, gyaran jinga, da ajiye ruwan ƙari da allurar dafin maciji a asibitocin yankin kafin Agusta. Wannan haƙƙinku ne a kan ƙaramar hukuma, gwamnatin jiha da hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, kuma ta bakin mai unguwa, dagaci da kansila ya kamata ku neme shi tun rani. Idan kuma kuka ga mutum biyu ko uku a unguwa ɗaya sun kama amai da gudawa, ku sanar da asibiti mafi kusa a ranar, ko ku kira NCDC kyauta a 6232.