Tseren Allo Ba Ya Zubar Da Jini

Samarinmu na Bahri masu kwana a shagunan PlayStation sun ɗauko wata magana da ba na son ji: wai duk wanda ya ƙware a Gran Turismo ya gama iya tuƙi. Hujjarsu kullum ɗaya ce, Jann Mardenborough, ɗan Birtaniyan da ya ci gasar GT Academy ta Nissan da Sony a 2011, ya zo na uku a ajinsa a tseren Le Mans na 2013.

Labarin gaskiya ne, amma rabinsa suke faɗa. Kafin a sake masa babbar mota, sai da ya yi watanni ana horar da jikinsa, ya shiga ƙananan gasanni, ya sami lasisin tsere. A 2015 kuma motarsa ta tashi sama a filin Nürburgring na Jamus, ta faɗa kan 'yan kallo, mutum ɗaya ya rasu. Ranar babu maɓallin sake farawa.

Ban raina wasannin nan ba. Masu iRacing da laser suke auna filayen tsere, kowace kwana da kowace gargada tana nan yadda take, shi ya sa zakara irin Max Verstappen ke buga shi. Ido da hannu suna koyon hanya. Sai dai allo ba ya danne mutum da nauyin da ya ninka na jikinsa sau biyar in ya taka birki. A tseren Qatar na 2023 zafi ya sa Esteban Ocon amai cikin hular kwanonsa, Logan Sargeant kuwa ya ajiye mota don jiki ya gaza. Mu da rana ke haura mana digiri 40 mun san abin da take yi wa direba.

Babban abin da wasa ya rasa shi ne tsoro. Yaron da ya yi karo sau ɗari bai ji ko ƙwarzane ba, idonsa ya saba, zuciyarsa ta bushe. Shi ne zai hau raksha ko amjad a Titin Ma'una, inda ga rami, ga ƙurar habub, ga ƙaramar yarinya tana tsallakawa, yana yi wa rogo kallon kitse.

Iyaye da masu motoci, da ku nake. Kada ku miƙa wa yaro makulli don ya doke abokansa a allo. Ku kai shi makarantar tuƙi, ya zauna gefen direban da ya san hanya, ya koyi tsayawa kafin ya koyi gudu.