Kada Talaka Ya Yar Da Injinsa

Jama'a, ku saurara. Ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft na Amurka ya janye hannunsa daga Windows 10, wato uwar manhajar da ke tafiyar da kwamfutoci da yawa a shagunan buga takardu na Bichi da Ɗambatta da Dawakin Tofa. Ya daina aiko gyaran tsaro, sai ga wanda ya nemi ƙarin wa'adi. Sabuwar kuwa, Windows 11, ba ta karɓar yawancin injunan da aka ƙera kafin 2017. To, mai shagon da ya sayar da tumakinsa ya sayo kwamfutar gwanjo a Kano, ina zai samo kuɗin wata?

Mu da muke zaune inda gona ke jingine da gona, mun san ba a yar da abu mai sauran amfani. Kara shinge ne, harawa abincin dabba ce, toka ma taki ce. Haka tsohuwar kwamfuta.

Akwai wata uwar manhajar, Linux, wadda wani ɗalibi a Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Kyauta ce, kuma kowa yana da iznin buɗe cikinta ya gyara. Saboda haka ta yi rassa: Debian a 1993, sai Ubuntu a 2004, wadda Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya gina bisa Debian. Wasu rassan ba su da nauyi, tsohon inji yana ɗaukarsu.

Amma kada wani ya ruɗe ku wai canji sha yanzu magani yanzu ne. Dashe ne, dashe kuwa sai da ban ruwa. Injin buga takarda ba ya jin maganar kwamfuta sai da tafinta, wata 'yar manhaja da ake kira direba, kuma tafintan Windows ba ya aiki a Linux. Ko a tsakanin rassan ma awo ya bambanta, kamar yadda tiyar wannan kasuwa ba ta zama daidai da ta waccan: ƙunshin manhajar da aka ɗaure don Debian ba ya shiga Fedora sai an sake ɗauri. Ga kuma haruffanmu, ɓ da ɗ da ƙ, sai an daidaita madannai kafin su fito.

An taɓa yin wannan aiki domin ƙasar nan. A 2007 kamfanin Mandriva na Faransa ya gyara nasa reshen don ya dace da ƙananan kwamfutoci 17,000 na Intel da aka saya wa makarantun Nijeriya. Da aka ji ana shirin goge shi a sa Windows, shugaban kamfanin ya rubuta wa shugaban Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa, duniya ta ji. Kamfanin ya rushe a 2015, amma aikin bai mutu ba, domin masu sa kai sun riga sun ɗauke shi da sunan Mageia. Da a kulle yake, da an binne shi tare da mai shi.

Abin da muke cewa ke nan: wannan sana'a ce, ba asiri ba, kuma yaranmu za su iya. Masu shaguna, ku haɗa kai kasuwa-kasuwa, ku sa yaro ɗaya ya koya. Kafin a goge komai, ku kwashe takardunku a ajiye. A fara gwada Linux daga filashi, a ga ko injin bugawa ya amsa, sannan a dasa. Wanda ya ce injinka ya mutu alhali yana aiki, ka tambaye shi me yake son ya sayar maka.

Allah ya ba talaka ikon riƙe abin hannunsa, amin.