TUN KAFIN A KAI YARO GIDAN MARI

Ran 26 ga watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, yara da samari, waɗansu da mari a ƙafa, waɗansu da tabon bulala a baya. Kafin shekarar ta ƙare an fasa irin waɗannan gidaje a Daura da Katsina da Zariya da Ilori, har ma da Badun, inda aka fitar da mutum 259 daga wani gida cikin watan Nuwamba. Jama'a suka yi tir, aka kama masu gidajen, aka garƙame ƙofofinsu.

To, amma akwai abin da ba a tsaya aka duba ba. Yawancin waɗanda aka ɗaure ɗin nan iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗin ciyarwa. Uban da ɗansa ya faɗa shaye-shaye ko ɗauke-ɗauke, in ya waiwaya ba ya ganin inda zai kai kuka. Asibitocin masu taɓin hankali irin na Barnawa da Kware da Dawanau 'yan kaɗan ne, ga nisa, ga tsada. Ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma kuwa sau da yawa ma'aikaci ɗaya ne ko biyu, ba abin hawa, ba kuɗin aiki. Rufe gidan mari daidai ne, amma damuwar da ta kai uba ƙofarsa tana nan a gida.

Haka aka sāke yi cikin 2020 lokacin annobar korona, da gwamnonin Arewa suka yanke shawarar mai da almajirai jihohinsu. Aka loda yara a motoci aka sauke su wurin iyayensu, ba tare da an tambayi abin da ya raba su da gida tun farko ba. Rumbun da babu hatsi bai cika ba don yaro ya dawo. Ba a daɗe ba da yawansu suka koma kan titi da robarsu a hannu.

Dokoki kam ba a rasa su ba. Akwai Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, Jihar Kano ma ta sa hannu a kan tata cikin 2023, shekarar da Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kula da ilmin almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta. Sai dai doka tana zuwa ne bayan ɓarna ta auku. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi cikin 2014 ya nuna cewa yara 6 cikin 10 a Nijeriya suna gamuwa da wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18, kuma akasari a hannun wanda suka sani. Babu 'yan sandan da za su iya gadin gidaje masu wannan yawa.

Duk wanda ya bi labaran yaran da aka wulaƙanta zai tarar da abubuwa uku suna maimaituwa: mutuwar uwa, mutuwar aure, da uban da ya yi nisa ko talauci ya fi ƙarfinsa. Yaron nan na Birnin Kebbi da aka samu a ɗaure tare da awaki cikin watan Agusta na 2020 maraya ne, uwarsa ta rasu, kuma ya daɗe a turken kafin a cece shi.

An kuwa gwada taimaka wa gida, an ga amfaninsa. Daga 2013 zuwa 2019 an yi wani shiri a jihohin Jigawa da Zamfara, inda aka riƙa ba mata masu ciki Naira 3,500 kowane wata har yaro ya shekara 2, tare da koya musu yadda za su ciyar da shi. Da aka auna, sai aka tarar tsumburewar yara ta ragu a ƙauyukan da shirin ya shiga. Asirin abin shi ne kuɗin hannun uwa ya shiga, kuma a kan lokaci.

Wannan magana ta shafi mutanen Arewa mazauna Kurmi kai tsaye. Dubban magidanta a Agege da Mile 12 da Sabon Badun da Anacha da Fatakwal sun baro iyali a gida, waɗansu sai Salla zuwa Salla. Shari'a ta ɗora ciyarwa a wuyan uba ko da aure ya mutu, a mazhabar Malikiyya kuma uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗanta, bayanta sai kaka ta wajen uwa. Ƙwace yaro daga uwarsa don a huce haushi, a danƙa shi ga kishiya, sa'an nan a hau mota a tafi Ikko, nan ne masifa take farawa. Aiken da ya isa hannun mai riƙon yaro kowane wata, ko da kaɗan ne, ya fi babbar tsaraba ta shekara. Wanda ya kai ɗansa tsangaya kuma, wajibi ne ya san inda yake kwana, ya aika wa malam abin da zai ci, ya riƙa neman a ba yaron waya ya ji muryarsa.

Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa su ma suna da rawar takawa. Asusun da ake tarawa don kai gawa gida ko belin wanda aka kama, zai iya ware wani kaso ga zawarawa masu 'ya'ya da marayun zango. Gwamnatocin jihohi kuma ya kamata su ba ofisoshin jin daɗin jama'a ma'aikata da abin hawa, su haɗa su da hukumomin zakka da masu unguwanni, domin a san gidan da ya fara tangaɗi tun bai faɗi ba. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Maƙwabcin da ya ji kukan yaro ya yi yawa, ya sanar da mai unguwa, bai yi shisshigi ba. Allah Ya kyauta.