An Rufe Gidajen Giya, Wa Ke Duba Sauran?

 Yau ina so mu duba wata magana wadda da yawanmu muka bar wa maza da ma'aikatan hukuma, watau maganar lasin da Ƙaramar Hukuma ke bayarwa ga wuraren da jama'a ke taruwa su ci, su sha, ko su yi hira da dare. Ni dai a ganina babu wanda maganar nan ta shafa kamar uwa.

Bari mu ɗan koma baya. A 1917 Turawan mulki suka yi dokar giya wadda ta hana sayar wa 'yan ƙasa barasa a Arewa. Da jirgin ƙasa ya iso Gusau, sai baƙi 'yan Kudu, ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa, suka sauka a Sabon Gari, a nan ne kuma daga baya gidajen giya da otal-otal suka fi yawa. Duk mai son buɗe irin wannan gida sai ya nemi lasin. Takardar tana ɗauke da sunansa da inda gidan yake, akwai lokacin buɗewa da na rufewa, ana sabunta ta shekara-shekara, in kuwa ya karya sharaɗi ana iya karɓe ta. Tsarin mulkin ƙasa na 1999 ma ya lissafa lasin sayar da giya cikin ayyukan Ƙaramar Hukuma, tare da kula da kantuna, da rumfuna, da gidajen abinci, da gidajen burodi, da kasuwanni, da tashoshin mota.

Ranar 27 ga Oktoba, 1999, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000, aka hana sayar da giya a Jihar Zamfara. Mata da yawa waɗanda albashin mazansu kan ƙare kafin ya iso ƙofar gida sun yi hamdala, kuma sun yi gaskiya. Amma fa abin da aka soke lasin giya ne kurum. Sauran ayyukan da na lissafa suna nan a wuyan Ƙaramar Hukuma, ko a Gusau, ko a Tsafe, ko a Bunguɗu.

Maye kuwa bai mutu ba, riga ya canja. Ya bar kwalbar da kowa ya sani, ya shiga kwalbar maganin tari da ƙwayoyi irin su Tramadol, waɗanda ake sawa a aljihu a miƙa a bayan rumfa. Abin ya kai har a watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Gaskiya ne lasin kantin magani ba a hannun Ƙaramar Hukuma yake ba, na hukumar masu harhaɗa magunguna ta ƙasa ne. To, amma mai rumfar shayi, da mai gidan kallon ƙwallo, da mai ɗakin saukar baƙi a bakin tasha fa? Hukuma ta san da su sarai, domin ba ta mance da zuwa karɓar kuɗi. Abin da ba mu gani shi ne sharaɗi. Lasin ya koma rasit, a biya a liƙa a bango, shi ke nan.

In ba ku misali. Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da nake koyarwa, mai ƙoƙari ƙwarai, sai na ga ta fara gyangyaɗi tun darasin farko. Da na ja ta gefe, sai ta gaya mini awara take kai wa ƙofar wani gidan kallo, ba ta dawowa sai an tashi, wani lokaci sha biyun dare ta gota. Ta kuma faɗa mini irin maganganun da samari ke yi mata, waɗanda ba zan iya rubuta su a nan ba. Da lasin gidan nan yana da lokacin rufewa, yana kuma hana yara tsayawa a ƙofa bayan Isha'i, sa'an nan da mai zuwa ya duba, da yarinyar nan ta kwana a gaban uwarta.

Saboda haka ina roƙon ciyamomi da kansilolinmu abu huɗu. Na ɗaya, a rubuta sharuɗɗan lasin da Hausa, a kafa su a ƙofar kowane wuri inda mai wucewa zai karanta. Na biyu, kada a ba gidan kallo ko ɗakin saukar baƙi lasin a jikin makaranta. Na uku, kafin a sabunta lasin a saurari mai unguwa da maƙwabta, har da mata, domin mu ne ke jin hayaniyar ta bayan katanga. Na huɗu, a fito da duba-gari su yi zagaye kamar dā, kada a bar wa 'yan Hisba da 'yan sanda aikin sai ɓarna ta riga ta auku. Mai sana'a na kirki ba zai ƙi wannan ba, domin shi ma zai rabu da zargin da ake yi musu a dunƙule.

Amma 'yan'uwa, in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ba kansila ne ya ɗora wa yarinyar nan tire ya tura ta da dare ba. Na san halin da ake ciki, na san ribar awarar ce cefanen gobe a gidaje da yawa, amma a yi tallar da rana, in magariba ta yi kowace uwa ta ƙidaya 'ya'yanta. In kuwa akwai wurin da ya dame ku a unguwa, ku haɗu ke da maƙwabtanki ku kai kuka wurin mai unguwa, ku ce a kai shi gaban kansila, ku kuma tambaya ko wurin yana da lasin, da abin da lasin ya ce.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, amin.