A Sayen Lasifika, Ji Ya Kori Gani

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a yawancin ciniki haka abin yake. Mai sayen doki yakan duba haƙora, mai sayen shadda yakan ɗaga ta a rana. Amma akwai ciniki guda da bin wannan magana kan jawo wa mutum asara, watau cinikin lasifika da amfilifaya na ɗakin zama, irin masu tsadar nan da akan yi shekara ana tara musu kuɗi. Duk wanda ya taɓa ratsa layin masu kayan sauti a kasuwar Alaba ta Ikko, ko a Sabon Gari ta Kano, ya san yadda ake yi. Mai kanti ya jera akwatuna har rufi, ya murɗa ƙara sai kwanon rufin ya ɗauki rawa, sa'an nan ya nuna wata ƙatuwar lamba a jikin kwali, wat 2,000 ko 5,000. Mai saye ya gyaɗa kai, ya ƙirga kuɗi. Bayan mako biyu sai ya lura ba ya iya zama gaban kayan nan rabin sa'a ba tare da kansa ya fara sarawa ba.

To, bari a fara da lambar nan ta jikin kwali, tun da ita ce tarkon farko. In aka duba da kyau za a ga haruffa huɗu kusa da ita, PMPO, kuma wannan awo ne da ba shi da ƙa'idar da kowa ya yarda da ita, kowane kamfani yakan rubuta abin da ya ga dama. Awon da ake dogara da shi shi ne ƙarfin da amfilifaya ke iya bayarwa a kai a kai ba yankewa, wanda akan sa wa alamar RMS. Wannan ruɗin ba yau ya fara ba. Ya yi yawa a Amurka har a 1974 hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta kafa doka kan yadda kamfanoni za su riƙa bayyana ƙarfin kayansu. A 1978 kuma kamfanin NAD ya fito da wata amfilifaya mai suna 3020 wadda wat 20 kacal aka rubuta mata a kowane ɓangare, amma ta shiga sahun waɗanda aka fi saye a tarihin kayan sauti, gama tana juya lasifikun da masu manyan lambobi ke kasa juyawa.

Abin da mai kanti ba ya cika faɗa ba shi ne lasifiku sun bambanta wajen cin wuta, kamar yadda motoci suka bambanta wajen shan mai. A bayan kowace lasifika ta kirki, ko a takardarta, akwai lamba mai nuna yawan ƙarar da take fitarwa in an ba ta wat ɗaya aka auna daga nisan mita ɗaya. Ana kiran ma'aunin desibel. Ƙa'idarsa tana da ban mamaki: in aka ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu, desibel 3 kawai ke ƙaruwa, abin da kunne zai ji kamar an ɗan taɓa maɓallin ƙara. Kafin kunne ya ji kamar ƙarar ta ninka sai an ƙara wajen desibel 10, watau sai an ninka wat sau goma. Saboda haka lasifika mai desibel 96 da aka haɗa da amfilifaya mai wat 10 za ta yi ƙara daidai da mai desibel 86 da aka haɗa da mai wat 100. Mutumin da ya sayar da mai wat 50 ya ciko kuɗi ya sayi mai wat 100 don neman ƙara, ɗan abin da ya samu bai kai kuɗin da ya ciko ba.

Lasifiku biyu da suka shahara sun isa misali. Ta farko ita ce Klipschorn, wadda Paul Klipsch ya fara ƙerawa a garin Hope na jihar Arkansas ta Amurka a 1946. Ƙatuwa ce, ana kafa ta a kusurwar ɗaki don bango ya taya ta aiki, kuma da wat ɗaya tana ba da wajen desibel 105. Ta biyu ita ce LS3/5a, wadda injiniyoyin BBC suka tsara a tsakiyar shekarun 1970 don saurare a cikin motocin ɗaukar shirye-shirye, inda wuri ya yi ƙunci. Tsayinta bai wuce wajen santimita 30 ba, amma desibel ɗinta wajen 83 ne. Ma'ana, don ta kamo ƙatuwar nan a ƙara tana bukatar wuta fiye da ninki ɗari, abin da ma ba za ta iya ɗauka ba. Ga shi ƙaramar ce mai ci, babbar ce mai ƙanƙantar ciki. Wanda ya auna da ido ya sha ƙasa. Ita ƙaramar kuwa abin da ya sa har yau ake nemanta shi ne yadda take fitar da muryar ɗan Adam ba ƙari ba ragi.

Akwai kuma lamba ta biyu, wadda ake kira om, mai nuna yadda lasifika ke tare wutar da ke shigarta. Yawanci akan rubuta om 8 ko om 4. Mai om 4 ta fi jan wuta, don haka amfilifaya mai raunin taransifoma takan yi zafi ta ɗauke. Lalle ne a duba bayan amfilifayar a ga ko an rubuta tana ɗaukar om 4. A kuma kiyayi al'adar nan ta cusa wayoyin lasifika biyu a rami guda, domin masu om 8 guda biyu sukan koma 4, masu om 4 guda biyu sukan koma 2, daga nan sai wajen mai gyara.

Mutane da yawa suna tsammanin babbar amfilifaya ce kaɗai ke ƙona lasifika. Sau da yawa ƙarama ce. In aka murɗa ta fiye da ƙarfinta sai ta fara datse kan sautin, ta riƙa fitar da wani ƙarce-ƙarce, shi kuwa wannan ƙarce-ƙarcen yakan tafi kai tsaye ga ɗan ƙaramin bakin nan na sama mai fitar da siririn sauti, wanda wayar cikinsa ba ta fi gashi kauri ba. Da zarar sauti ya fara kaushi, a rage.

Sauran aikin na kunne ne, kuma a nan ne mai saye ya kamata ya yi taurin kai. Kada ya yarda a gwada masa da faifan mai kanti, domin mai kanti ya san waƙar da ke rufa wa kayansa asiri. Ya zo da abin da kunnensa ya sani tun yana yaro. Wanda ya tashi da waƙoƙin Alhaji Mamman Shata ya san yadda kalangu ke hawa da sauka in an matse tsarkiya. Lasifika mai kyau za ta bar shi ya bi wannan maganar ta kalangu, mara kyau kuwa sai ta mai da ita dundun ɗin banza. Kuntigin Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya ce, ba shi da inda zai ɓuya, in siririn sautin lasifika yana da kaifi nan take zai soki kunne. A waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo a saurari 'yan amshi, a ji ko muryoyinsu sun rarrabu ko sun cakuɗe sun zama dunƙule guda. Ko da yake wasu daga cikin tsofaffin faya-fayan nan ba a ɗauke su da na'ura mai kyau ba, don haka ya kyautu a haɗa da wani ɗauka na zamani mai tsabta. Gwajin da ya fi duka wuyar cuta shi ne muryar mutum ita kaɗai, karatu ko labaran rediyo, gama babu sautin da kunne ya sani kamarsa. In muryar ta fito kamar daga cikin randa, ko kamar mai mura, to, an gama magana.

In za a gwada biyu, a daidaita ƙararsu tukuna. Kunne yana da wani rauni, kullum wadda ta ɗan fi ƙara ita yake ɗauka ta fi daɗi, kuma masu kanti sun san haka sarai. A zauna, a ba kowace aƙalla minti 20, a kuma saurara a ƙasa-ƙasa kamar yadda za a yi da dare in iyali sun kwanta. Lasifikar da ta burge a minti biyu na farko da ƙyalƙyali da girgiza ƙirji, ita ce sau da yawa ke gajiyar da mutum kafin faifai ya ƙare. In da hali, mutum ya ɗauko amfilifayarsa ta gida a gwada da ita, tun da da ita za a zauna.

Shi ma ɗakin yana da nasa hannu. Falon siminti mai tayil da bango tsirara yakan mai da sauti ya dawo yana karo da kansa. Darduma da labule da kujeru masu laushi sukan gyara abin da sauya amfilifaya ba zai gyara ba. Ban da irin Klipschorn da aka yi don kusurwa, yawancin lasifiku sun fi son a janye su daga bango, a raba su yadda tazarar da ke tsakaninsu za ta yi kusan daidai da tazararsu da kujerar mai saurare. Jan waya ya shiga jan rami, baƙi ya shiga baƙi, a duka biyun, in ba haka ba kaurin sautin sai ya zube.

Mai sayen kayan da aka yi amfani da su a waje yana da ƙarin abin dubawa. Ya shafa zoben soson da ke kewaye da babban bakin, domin yakan ruɓe da shekaru, balle a wuri mai laima irin Ikko. Ya danna bakin a hankali da yatsu, in ya ji gogayya a ciki ya ajiye. Sa'an nan ya juya amfilifayar ya karanta abin da aka rubuta kusa da igiyar wuta. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100, kuma kayan da aka yi don can in aka soka su a bango ba tare da taransifomar rage wuta ba, ƙauri kawai za a ji.